Farantin Sarƙa Mai Siffar Ƙwai a Tseren Keken Daji: Aikinsa na Gaskiya da Abin da Ake Jingina Masa

Keke tsohon abin hawa ne a Bena da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, a kudancin Jihar Kebbi, inda manoma suka daɗe suna ɗaura masa buhun masara ko na dawa zuwa kasuwar hatsin garin, wadda fatake suke zuwa cinta daga nesa. Babur ya janye masa kasuwa shekara da shekaru, amma tsadar man fetur da ta biyo bayan janye tallafi a watan Mayu na 2023 ta sa jama'a da dama a arewacin Nijeriya suka sake waiwayarsa, kuma cikin kekunan da ake saye akwai na gwanjo masu giya, waɗanda tun asali aka ƙera su domin hawan tudu da ratsa daji. A jikin wasu daga cikin irin waɗannan kekuna ne ake cin karo da faranti wanda ba zagayayye ba ne, kuma a kansa ra'ayi ya rabu. Wasu suna ɗaukar sa lahani ne, ko dai ya lanƙwashe a hanya ko kuma an kuskure wajen ƙira. Wasu, musamman matasan da ke kallon tseren keke a wayoyinsu, suna ganin wani sirri ne na ƙarin gudu da zakarun Turai suke amfani da shi. Akwai kuma masu cewa yana kashe gwiwa. Kowace magana a cikin waɗannan tana da inda ta samo asali, sai dai babu wadda ta faɗi al'amarin yadda yake.

Ma'anar kalmomi

Farantin sarƙa shi ne babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke tsakiyar keke, wanda sandunan feda suke haɗe da shi, kuma shi ne yake jan sarƙa idan an taka feda, ita kuma sarƙar ta juya ƙaramin faifan da ke jikin tayar baya, wanda masu gyaran keke suke kira firiwil. A keke mai giya faifan baya ba ɗaya ba ne, sukan kai 7 zuwa 12, an jera su daga ƙarami zuwa babba, tare da wata na'ura mai sifirin wadda take ɗauke sarƙa daga wannan ta ɗora ta a kan wancan, ita ce na'urar canja giya. Da yawan haƙora ake auna girman faranti, kuma duk lokacin da na gaba ya ƙara girma ko na baya ya ƙara ƙanƙanta, feda tana ƙara nauyi, keke kuma yana ƙara cin ƙasa a kowane juyi.

Faranti mai siffar ƙwai shi ne wanda tsawonsa ya fi faɗinsa, galibi da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, ko da yake shi kawunansa biyu daidai suke, saɓanin ƙwan kaza. Shi kuwa tseren ƙetare daji tsere ne da ake yi a hanyar ƙasa mai hawa da gangara da duwatsu da saiwoyin itace, inda 'yan tsere suke tashi gaba ɗaya su yi ta zagaya wata hanya mai tsawon kilomita 4 zuwa 6 har na kimanin awa ɗaya da rabi. Hukumar tseren keke ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da UCI kuma take da mazauni a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ta shirya gasarsa ta duniya ta farko a Durango da ke jihar Kolorado ta Amurka a 1990, sannan ya shiga wasannin Olamfik a Atilanta a 1996. Nahiyar Afirka ba baƙuwa ba ce a fagen, domin Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Olamfik na birnin Faris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a cikin shekarar.

Yadda ƙafa take ba keke ƙarfi

Ba za a fahimci dalilin wannan ƙira ba sai an lura da cewa ƙafar ɗan Adam ba ta tura feda da ƙarfi ɗaya a duk zagayenta. Idan aka ɗauki sandar feda a matsayin hannun agogo, ƙafa tana da cikakken ƙarfinta ne daga wajen ƙarfe 2 zuwa wajen ƙarfe 4, lokacin da cinya da gwiwa suke miƙewa tare, nauyin jiki kuma yana bisa feda. Idan sanduna suka miƙe tsaye, ɗaya a ƙarfe 12 ɗaya a ƙarfe 6, ƙafar sama ba ta riga ta fara dannawa ba, ta ƙasa kuma ta gama, saboda haka duk ƙarfin da aka danna yana bin tsawon sandar ne ba tare da ya juya komai ba. Ana iya kiran ta farko gaɓar ƙarfi, ta biyu kuma gaɓar rauni, kuma kowace tana zuwa sau biyu a juyi guda. Aikin ƙafafun biyu ya yi kama da lugude a turmi ɗaya, wannan taɓarya ta sauka wancan ta tashi, amma tsakanin saukar ɗaya da saukar ɗayar akwai ɗan lokacin da hatsi ba ya shan duka.

Abin da masu ƙera farantin na zamani suka yi shi ne su juya shi ta yadda ɓangarensa mai tsawo zai riƙa jan sarƙa a gaɓar ƙarfi, ɓangarensa gajere kuma ya ja ta a gaɓar rauni. Faranti mai haƙora 32 irin wannan yakan yi aiki kamar mai 34 a lokacin da ƙafa take dannawa, ya koma kamar mai 30 a lokacin da sanduna suke tsaye, kuma tun da tazarar gaɓoɓin sarƙar keke rabin inci ce, wato milimita 12.7, bambancin tsawonsa da faɗinsa bai wuce kimanin santimita ɗaya da rabi ba. Sakamakon shi ne ƙafa tana ɗan jinkirtawa a inda take da ƙarfi, tana kuma wucewa da sauri a inda ba ta da shi.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wani lissafi wanda masu talla ba su cika son ambatonsa ba. Faranti mai haƙora 32, zagayayye ne ko mai siffar ƙwai, gaɓoɓin sarƙa 32 yake ja a kowane juyin feda, ba ƙari ba ragi. Idan na baya yana da haƙora 16, tayar baya za ta juya sau biyu, kuma a keke mai taya inci 29, wadda kewayenta ya kai kimanin mita 2.3, tafiyar za ta zama mita 4.6 a duk juyi, da wannan faranti ko da wancan. Ƙarfe ba ya haifar da ƙarfi. Huhu da zuciya da tsokar mahayi su ne injin keke. Iyakar abin da siffar faranti za ta iya yi shi ne ta sauya yadda nauyin aiki yake rarrabuwa a cikin zagayen feda, kuma duk gardamar da ake yi a kanta ta taƙaita ne a kan ko wannan sauyin rabo yana sa jiki ya fitar da abin da ba ya iya fitarwa a da.

Tarihin ƙirar da asalin mummunan sunanta

Tunanin ba sabo ba ne, domin tun a shekarun 1890, jim kaɗan bayan keke mai sarƙa ya yaɗu, aka fara gwada faranti wanda ba zagayayye ba, ya yi ta ɓullowa yana ɓacewa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Biopace na kamfanin Shimano na Japan, wanda ya fito a 1983 aka kuma daina ƙera shi a 1993, bayan an ɗaura shi a kekuna masu ɗimbin yawa. Biopace ya bi akasin hanyar da aka bayyana a sama: ya ƙanƙance a gaɓar ƙarfi, ya girma a gaɓar rauni, bisa tunanin cewa ƙafa za ta yi gudu wajen dannawa sannan ta sassauta wajen juyowa. 'Yan tsere masu juya feda da sauri ba su ji daɗinsa ba, wasu mahaya kuma suka riƙa kukan ciwon gwiwa, ko da yake ya samu masu kare shi har bayan an daina ƙera shi. Daga nan ne zancen kashe gwiwa ya samo asali, kuma tun da kekunan wancan zamani suna cikin waɗanda har yanzu suke yawo a kasuwannin gwanjo, yana yiwuwa ƙwarai farantin da mutum ya gani a tsohon keke mai giya Biopace ne, ba irin na 'yan tseren yau ba.

Ƙirar zamani ta taso ne daga Faransa da Sifaniya. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Jean-Louis Talo ya ƙera Osymetric, wanda Bobby Julich na Amurka ya hau ya ci lambar yabo a Olamfik na Atina a 2004, Bradley Wiggins na Birtaniya ya ci gasar Tour de France da shi a 2012, sannan Chris Froome, wanda aka haifa a Nairobi a 1985 ya kuma koyi tsere a tuddan Kenya a hannun David Kinjah, ya ci gasar sau huɗu da shi tsakanin 2013 da 2017. Kamfanin Rotor na Sifaniya kuma ya fitar da nasa mai suna Q-Rings, wanda Carlos Sastre ya ci Tour de France da shi a 2008. Waɗannan sunaye su ne babban jarin masu talla, amma hujja ce mai rauni, domin Wiggins kansa ya koma zagayayyen faranti daga baya, kuma mafi yawan waɗanda suka ci manyan gasanni, a kwalta ko a daji, kafin wannan lokaci da bayansa, da zagayayye suka ci.

Shigarsa keken daji ta jira wani sauyi dabam. Muddin keke yana da faranti biyu ko uku a gaba, siffar ƙwai tana wahalar da canjin giya, sarƙa takan faɗi a lokacin da ba a so. A 2012 kamfanin SRAM na Amurka ya fitar da tsarin faranti ɗaya tak a gaba da faifai 11 a baya, tare da haƙoran da aka jera bi da bi, mai kauri da siriri, domin su cika gaɓoɓin sarƙa su riƙe ta, a daidai lokacin da na'urorin canja giya na baya suka samu wani ɗan kuloci mai hana sarƙa kaɗawa. Da aka rabu da canjin giya na gaba, babban cikas ya kau, kamfanoni irin su absoluteBLACK da Wolf Tooth da OneUp suka shiga ƙera faranti mai siffar ƙwai domin keken daji.

Abin da bincike ya nuna, da inda aka saɓa

Masu goyon baya suna jingina da lissafi. A 2008 wasu masana biyu na Jami'ar Texas da ke Austin, Rankin da Neptune, sun yi kwaikwayon ƙafar mahayi a kwamfuta, suka samu cewa faranti mai siffar da ta dace zai iya ƙara ƙarfin tuƙi da kusan kashi 3 cikin 100. Amma da aka koma kan mutane masu jini a jika, sakamakon bai bi lissafin ba. Wani bincike da Leong da Elmer da Martin suka buga a 2017 daga Jami'ar Utah ya gano cewa faranti wanda ba zagayayye ba bai ƙara iyakar ƙarfin mahaya ba, dalili kuwa shi ne idon sawu yana sauya motsinsa ya shanye bambancin, gwiwa da ƙugu kuma su ci gaba da motsi kusan yadda suka saba. Sauran gwaje-gwajen da suka auna bugun zuciya da yawan iskar da jiki yake ci sun rarrabu, wasu sun ga ɗan amfani, da yawa ba su ga komai ba.

Akwai kuma wani ruɗani da ya fito daga na'urar auna ƙarfin tuƙi da 'yan tsere suke ɗaurawa a jikin feda. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna lissafi ne bisa zaton feda tana juyawa da sauri ɗaya a duk zagayenta, alhali faranti mai siffar ƙwai yana jinkirta ta a gaɓar ƙarfi, sai na'urar ta nuna adadin da ya ɗara na gaskiya. Mahayi ya ga lamba ta hau ya yi murna, agogon tsere kuwa bai sauya ba. Game da gwiwa, masu talla suna cewa yana sauƙaƙa mata, masu suka suna cewa yana cutar da ita, kuma babu ɓangaren da ya kawo hujjar da ta yanke magana. Tsayin sirdi da bai dace ba da tuƙa giya mai nauyi a kan tudu sun fi siffar faranti saurin jawo ciwon gwiwa.

Inda hujjar masu goyon baya ta fi ƙarfi, kuma inda tseren daji ya bambanta da na kwalta, shi ne kamun ƙasa. Mai hawan tudu mai tsakuwa a hankali, feda tana juyawa da ƙyar, yana fuskantar haɗari biyu a kowane taku: idan ya danna da ƙarfi tayar baya ta kwashe tsakuwa ta juya a wuri ɗaya, idan kuma sanduna suka miƙe tsaye keke ya nemi tsayawa cak, ya tilasta masa sauke ƙafa. Faranti mai aiki kamar 34 a gaɓar ƙarfi yana rage fizgar da take isa taya da kimanin kashi 6 cikin 100, mai aiki kamar 30 a gaɓar rauni kuma yana ƙara ta da kwatankwacin haka, saboda haka jan yana zuwa a daidaice. A tseren da sauke ƙafa sau ɗaya a tsakiyar hawa yake sa mutum uku su wuce mahayi, wannan ɗan sauƙi ba abin rainawa ba ne. Shi ne amfanin da ya dace da lissafi ya kuma dace da shaidar mahaya masu yawa, sai dai amfani ne ƙarami, na wuri ƙayyadadde, wanda ba ya mayar da mai rauni gwani.

Al'amarin a ƙasar Bena

Ƙasar Zuru tana da tuddai da duwatsu da hanyoyin marmara, da ƙoramun da suke cika da damina su bar yashi da rani, wato tana da irin ƙasar da ake nema domin wannan wasa. Amma tseren ƙetare daji bai kafu a matsayin wasa mai tsari a yankin ba, kuma a Nijeriya baki ɗaya hankalin hukumar tseren keke ya fi karkata ga tseren kwalta da na zagayen fili, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003. A waɗannan fannoni biyu ne Ese Ukpeseraye ta wakilci ƙasar a Olamfik na 2024. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi Danko/Wasagu shekaru da dama, wadda ta mayar da hanyoyin daji wuraren da manomi ma yake bi da fargaba, balle saurayin da ya fita motsa jiki. Duk wanda yake son matasan Bena su shiga wannan fage, zaman lafiya da hanyar atisaye mai aminci kusa da gari su ne buƙatarsa ta farko, kuma ba abin da za a ɗaura wa keke ya maye gurbinsu.

Ga mai gyaran keke da aka kawo wa irin wannan faranti, rarrabewa ba ta da wuya. Ya ɗaga tayar baya ya juya feda yana kallo daga sama: farantin da ya lanƙwashe yana kaɗawa dama da hagu yana gugar sarƙa, shi kuwa wanda aka ƙera da siffar ƙwai yana tafiya a miƙe, sai an dube shi daga gefe ake ganin sarƙa tana hawa tana sauka sau biyu a juyi. Bai kamata a sa masa guduma da sunan miƙarwa ba. Sannan ya kwantar da sandar feda ta fuskanci gaba: idan tsawon farantin ya tsaya sama da ƙasa, na zamani ne, idan tsawon ya bi layin sandar, tsohon Biopace ne. Na zamani yakan zo da wata alama ko ɗan ƙulli da ya kamata ya ɓuya a bayan sandar feda, kuma idan aka kwance notuna huɗun da suke riƙe shi aka mayar da shi a karkace da rami ɗaya, to an juya aikinsa gaba ɗaya, ya yi nauyi a inda ya kamata ya yi sauƙi.

Keken dako irin Raleigh da Phoenix ba ya cikin wannan magana, domin farantinsa a haɗe yake da sandar feda ba ya kwantuwa, kuma ba shi da na'ura mai sifirin da za ta shanye ɗan tsukewa da sakin da sarƙa take yi. Wanda yake jin nauyin hawa da buhu a kariya, firiwil mai haƙora fiye da na da shi ne maganinsa mai arha. Ko a keke mai giya ma akwai sharuɗɗa: ramukan notin faranti su dace da na sanda, waɗanda a kekunan daji da yawa tazarar biyun da suke fuskantar juna milimita 104 ce, kuma a tuna mai haƙora 34 yana buƙatar sarari irin na mai 36, in ba haka ba ya goge ƙarfen keke. Daga waje ake shigo da shi, kuɗin na kamfanonin da suka yi suna kuma yana iya kusantar kuɗin keken gwanjo sukutum, sannan mafi yawansu na alminiyom ne, wanda ƙurar hunturu idan ta cakuɗa da baƙin mai take cinye haƙoransa da wuri.

Saboda haka, ga matashi mai ƙaramin ƙarfi, tsarin kashe kuɗi ya kamata ya fara daga taya mai haƙoran da ba su cinye ba tare da iska daidai gwargwado, domin tayar da aka cika har ta yi tauri ita ce ta fi sulɓewa a kan tsakuwa; sai birki mai kamawa da hular kwano; sai sarƙa, wadda ake aunawa da ma'auni, gaɓoɓi 24 su ba da inci 12 cif, idan sun zarce da abin da ya kai kashi ɗaya cikin 16 na inci to ta miƙe, tana kuma cin faranti; sai zaɓen yawan haƙora da ya dace da tuddan da ake hawa, inda mai 30 ko 32 ya fi wa yawancin mahaya alheri fiye da mai 36. Wanda ya kammala waɗannan, yana kuma yawan sauke ƙafa a hawa mai sulɓi, shi ne wanda gwada faranti mai siffar ƙwai zai yi wa ma'ana. Ƙafa takan saba da shi bayan 'yan kwanaki, don haka ba a ɗaura shi ana gobe tsere, kuma hanyar gane ko ya amfane shi ita ce ya zaɓi tudu ɗaya, ya riƙa auna lokacin hawansa da agogon waya a safiya iri ɗaya da iskar taya iri ɗaya, makonni da zagayayye makonni da ɗayan, yana kuma ƙirga sau nawa ƙafarsa ta taɓa ƙasa kafin ya kai bisa.